Yaranmu Suna Kallon Mudunmu

Wannan shi ne jawabin da ma'aikatanmu na sashen kula da iyali suka yi wa iyaye a taron bayan girbi. Mun buga shi domin ikilisiyoyin da ba su sami zuwa ba. Ana iya karanta shi a taron zumuntar mata ko na maza.

  Mun san waɗansunku sun bar dawa a masussuka, waɗansu kuma ba su gama roron wake ba, don haka ba za mu riƙe ku fiye da kima ba.

An roƙe mu mu yi magana a kan tarbiyyar yara. Kafin mu buɗe Littafi Mai Tsarki, bari mu ba ku labarin abin da ya faru a gabanmu, domin shi ne ya sa muka yarda mu tsaya a nan yau.

Bayan ambaliyar shekara ta 2022, mun je wani ƙauye a bakin kogi don raba masara da gidan sauro. Ana ba kowane gida gwargwadon yawan masu ci a cikinsa. Muna zaune a ƙofar majami'a muna rubuta sunaye, sai layi ya zo kan wani magidanci, mutumin kirki, shi ne ma yake ba da waƙa ran Lahadi. Muka tambaye shi yawan yaransa, ya ce tara. 'Yarsa, wadda ba ta wuce shekara bakwai ba, tana riƙe da bakin rigarsa. Sai ta ɗaga kai ta ce, "Baba, ai mu shida ne." Ya mintsine ta a kafaɗa, ya ce, "Ke, wa ya tambaye ki?" Jama'a suka fashe da dariya. Mu ma muka yi dariya. Yarinyar ta sunkuyar da kai, ba ta ƙara cewa komai ba.

A hanyar komawa gida muka yi ta gardama a mota. Ɗaya daga cikinmu ya ce mutumin nan ba ɓarawo ba ne, ruwa ya cinye gonarsa, yunwa ce ta sa shi. Gaskiya ne. Amma wata 'yar'uwa a cikinmu ta ce ita ba masarar ce ta dame ta ba, yarinyar ce. Cikin minti ɗaya yarinyar nan ta koyi cewa ana iya canza magana idan akwai abin samu, ta koyi cewa mai faɗar gaskiya mintsini yake sha, ta kuma ga manyan ikilisiya da ma'aikatan agaji suna dariya. Aya nawa malamin makarantar Lahadi zai sa ta haddace kafin ya goge wannan minti ɗaya?

Mu yi ɗan lissafi. Mako yana da awa 168. Makarantar Lahadi awa ɗaya ce, idan ta yi tsawo biyu. Ko da mun cire lokacin barci da na makarantar boko, abin da ya rage yana hannunmu ne: a tsakar gida, a gona, a hanyar rijiya, a kasuwa. Ba muna rena makarantar Lahadi ba ne, malamanta suna aiki ba albashi, Allah ya saka musu. Amma yana da kyau mu san asalinta. Wajen shekara ta 1780 ne wani mai buga jarida a Ingila, Robert Raikes, ya fara tara yaran talakawa waɗanda suke aiki kwana shida a mako, yana sa a koya musu karatu ran Lahadi. An fara ta ne don a taimaki yaran da ba su da mai koya musu. Ba a fara ta don iyaye su sauke kayansu a kan wani ba.

Abin da Allah ya shirya tun farko yana cikin Maimaitawar Shari'a 6:6-7, wadda tsofaffinmu suka sani da sunan Kubawar Shari'a. Ku karanta idan kun koma gida. Musa bai ambaci aji ko allo ba. Lokuta huɗu ya lissafta: zaman gida, tafiya a hanya, lokacin kwanciya, da lokacin tashi. Wato rayuwar yau da kullum ke nan. Ku lura kuma da jerin ayoyin. Aya ta 6 tana magana a kan zuciyar iyaye, sa'an nan aya ta 7 ta zo kan koya wa 'ya'ya. Abin da babu shi a rumbu, ba a iya ɗebo shi a kai murhu.

Kada wani ya ce, "Ni ban yi karatu ba." Sai a shekara ta 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki gaba ɗaya cikin Hausa, kuma da yawa cikin kakanninmu da suka fara ba da gaskiya sun mutu ba su iya karanta shi ba. Duk da haka su ne suka haifi fastocin da muke da su. Bulus ya tuna wa Timoti cewa bangaskiyarsa ta fara zama a cikin kakarsa Loyis da mahaifiyarsa Afiniki (2 Timoti 1:5), mahaifinsa kuwa Bahelene ne. Wannan ta'aziyya ce ga mata da yawa a nan, waɗanda suke renon yara su kaɗai, ko kuma maigida ba ya zuwa sujada.

Mudu da buhu

Yanzu kaka ce, bari mu fara da abin da yake hannunmu. Wa yake riƙe bakin buhu sa'ad da muke ɗura masara? Yaro. Wa yake zama kusa da Mama a kasuwa sa'ad da take awo? Yarinya. Suna gani idan muka zuba tsohon wake mai ƙwari a ƙasa, muka rufe da sabo a sama. Suna gani idan ba mu sheƙe shinkafa sosai ba don ta ƙara auki. Sun san gidan da yake da mudu biyu, babba na saye, da wanda aka buga gindinsa na sayarwa. Ba mu taɓa zaunar da su mun ce, "Ga yadda ake algus" ba. Ba sai mun faɗa ba.

Mun san halin da ake ciki. Tun da aka cire tallafin man fetur a shekara ta 2023, kuɗin mota da takin zamani da magani suka tashi, kuma ɗan kasuwan da yake saye a hannunmu shi ma ba ya tausayinmu. Wani zai ce, "Ana cutata, ni kaɗai ne zan yi gaskiya?" Ba mu da amsa mai sauƙi. Sai dai mu ce Allah bai ɗauki maganar awo ƙaramar magana ba. Tana cikin Littafin Firistoci 19:35-36. Maimaitawar Shari'a 25:13-16 ta hana ajiye ma'auni iri biyu, babba da ƙarami, a jaka ko a gida. Annabi Amos, wanda shi ma makiyayi ne, ya tsawata wa masu ɗokin Asabar ta wuce don su koma kasuwa su rage mudu, har su sayar da sharar alkama (Amos 8:5-6). Ku ga, mutanen nan masu kiyaye ranar sujada ne. A kasuwa suka fāɗi.

To, me za mu yi? Ku miƙa wa yaron mudun, shi ya auna. Idan ya cika, ku ce ya ƙara ɗan hannu a kai. Idan mai saye ya yi kuskure ya ba da kuɗi fiye da kima, ku ba yaron ya bi shi da gudu ya mayar. Idan ya dawo ya tambaya don me, magana ɗaya ta isa: "Ba namu ba ne, Allah kuma yana gani." Kada ku mai da abin wa'azi. Yaro yakan manta doguwar magana, amma gudun nan da ya yi da kuɗin wani a hannunsa, zai daɗe yana tuna shi.

Akwai wata ƙarya kuma da muka saba da ita har ba ma kiranta ƙarya. Mai bin bashi ya yi sallama, ko mai karɓar adashi, sai mu ce wa yaro, "Je ka ce ba na nan." Yanzu da wayar hannu ta zo, muna zaune a kan tabarma muna cewa, "Ga ni nan a hanya," yara suna kallon ƙafafunmu. Bayan shekara biyar yaron nan zai dawo da dare ya ce daga koyon waƙa yake, mu kama kai mu ce yaran zamani sun lalace. Fita a gaya wa mai bashi, "Yau ba ni da shi, ka yi mini haƙuri zuwa ran kasuwa," akwai kunya, mun sani. Amma yaron da ya ga mahaifinsa ya sha wannan kunya ya ga abin da zai riƙe shi ran da tasa ta zo.

A gona ma haka ne. Yaron da yake jan shanun noma ya san inda gamba ta raba gonarmu da ta maƙwabci, ya kuma san idan garma tana cin kunya ɗaya kowace damina. A wani gefen kuma, dokar kala tana nan a Littafin Firistoci 19:9-10: a bar gefen gona da abin da ya zuba domin matalauci da baƙo. Da wannan doka Rut ta ci da surukarta a gonar Bo'aza. Idan za ku ware dami domin gwauruwa, ko domin waɗanda rikici ya koro zuwa garinku, ku sa yaro ya ɗauka ya kai. Ku koya masa ya durƙusa ya gaishe ta, ya ce, "Kaka, in ji Mama." Ku kuma hana shi yin tallan abin a gari.

Idan yaro ya yi tambaya

Mu Hausawa da maƙwabtanmu mun gaji al'adar cewa yaro mai yawan tambaya ba shi da kunya. Littafi Mai Tsarki kuwa yana sa ran yaro zai yi tambaya. A Fitowa 12:26 an shirya wa iyaye amsa tun kafin yara su tambayi ma'anar Idin Ƙetarewa. A Joshuwa sura 4 an ɗebo duwatsu 12 daga Kogin Urdun aka kafa, musamman don yara su gani su tambaya. Mu kuwa sai mu ce, "Rufe mini baki, na gaji." Gajiyar gaskiya ce. Amma idan yarinya ta tambaya a hanyar gona me ya sa gawo yake zubar da ganye da damina alhali sauran itatuwa suna tohuwa, ƙofa ce ta buɗe. Ku nuna mata yadda hatsin da yake ƙarƙashinsa ya fi kyau, domin ganyen ya zama taki, rana kuma tana ratsowa. Daga nan maganar hikimar Mahalicci ba ta da nisa, haka ma maganar dalilin da ya sa ba ma sare kowane itace. Idan tambayar ta fi ƙarfinku, kamar me ya sa Allah ya bar ƙanensa ya mutu, kada ku ƙirƙiro amsa. Ku ce, "Zo mu yi addu'a, ran Lahadi kuma mu tambayi Baba Fasto tare."

Hirar dare

Yanzu mun zo wurin da ya fi wuya, muna roƙo ku yi haƙuri da mu. A ɗakin nan akwai waɗanda suka binne 'yan'uwansu. Tun rikicin Kaduna na 2000 da na Jos na 2001, da abin da ya sami arewa maso gabas daga 2009, da hare-haren dare a ƙauyuka, kusan babu ikilisiyar da ba ta yi kuka ba. Akwai waɗanda aka cinye musu gona ana gobe girbi. Ba mu zo mu ce ku manta ba, ba mu kuma ce kada ku nemi a yi muku adalci ba.

Abin da muke tambaya shi ne, da dare, bayan tuwo, sa'ad da manya suke hira, wa yake kwance a gefen tabarma? Mukan ɗauka yaron ya yi barci. Bai yi ba. Yana jin sunan da muke kiran wata kabila gaba ɗaya da shi. Yana jin yadda muke cewa "dukansu ɗaya ne." Yaron da bai taɓa ganin rikici da idonsa ba sai ya tashi da ƙiyayya wadda ta fi ta wanda ya gani, domin shi ba shi da abokin yarinta a wancan gefe da zai tuna. Ran da ya kai shekara 17, wani ya miƙa masa makami, aikin ya riga ya ƙare tun a kan tabarma.

Yakubu da Yohanna sun taɓa neman izini su kira wuta a kan wani ƙauyen Samariyawa da ya ƙi karɓar Yesu, shi kuwa ya juya ya tsawata musu (Luka 9:51-56). A sura ta gaba, da ya tashi ba da misalin maƙwabci nagari, Basamariye ya zaɓa. Mu ma muna da irin wannan labari a ƙasarmu. A watan Yuni na 2018, sa'ad da aka kai hari a ƙauyukan Barikin Ladi a Jihar Filato, wani tsohon limami, Abubakar Abdullahi, ya ɓoye mutane fiye da 200, yawancinsu Kirista, a masallacinsa da gidansa, ya fita ya tari maharan ya ƙi ba da su. Yaranmu sun san labarin waɗanda suka kashe. Sun san labarin wannan tsoho?

Koya wa yaro hattara dabam, koya masa ƙiyayya dabam. Ku gaya masa hanyar da ba a bi da yamma, da inda zai gudu idan ya ji harbi. Amma idan mai nono ta shigo gida da safe, ku ba ta wurin zama da ruwan sha, ku tambayi lafiyar yaranta, yaronku yana gani. A addu'ar dare kuma, ko da murya tana rawa, ku sa waɗanda suka cuce ku a ciki. Mun san wata uwa da ta ce ta yi wata uku ba ta iya furta wannan addu'a ba, sai 'yarta ce take yi, ita tana cewa amin.

Tsumagiya da neman gafara

Magana kaɗan a kan horo. Ba za mu yi gardamar tsumagiya yau ba, amma ku duba abin da muke duka a kai. Yarinya ta zame a hanyar rijiya tulu ya fashe, ta zo ta faɗi gaskiya, ta sha duka. Wansa ya ɗauki kuɗin baiko ya sayi alewa, ya musa, ba a kama shi ba, ya kwana lafiya. Dukansu biyu sun koyi darasi ɗaya. Idan yaro ya zo da kansa ya faɗi laifinsa, ku fara da cewa, "Ka kyauta da ka faɗa," kafin a zo maganar gyara. Bulus ya gargaɗi ubanni kada su tsokani 'ya'yansu har su yi fushi ko su karai (Afisawa 6:4, Kolosiyawa 3:21). Eli kuma ya ji abin da 'ya'yansa suke yi bai hana su ba, ƙarshensa yana cikin 1 Sama'ila sura 4. Duka cikin fushi da sakaci, kowanne yana da nasa rami.

Ku duba kuma yadda muke raba aiki. 'Yan mata suna ɗebo ruwa, suna daka, suna goyo, samari suna ƙwallo, abinci ya nuna a fara zuba musu. Sa'an nan mu yi mamaki idan sun girma suna wulakanta matansu. Ubangijinmu ya wanke ƙafafun almajiransa, bayan tashinsa daga matattu kuma suka tarar da shi a bakin teku da garwashi da kifi a kai, ya shirya musu karin kumallo (Yohanna 21:9). Ɗa namiji ba zai ragu ba don ya wanke kwano.

Akwai abu ɗaya da al'adarmu ba ta koya mana ba: babba ya nemi gafarar yaro. Bari mu koma ga magidancin nan. Da muka sake zuwa ƙauyen bayan 'yan watanni, muka ja shi gefe. Ashe maganar ba yadda muka ɗauka take ba. Yaran wansa marigayi uku suna ci a gidansa, ko da yake a wurin mahaifiyarsu suke kwana, ita ma kuma ta rubuta su a nata sunan. Ya san an rubuta su sau biyu, wannan laifinsa ne. Amma tambayar tamu ma ba ta yi daidai da yadda muke zama ba, domin a ƙauye masu ci a gida sun fi masu kwana a cikinsa yawa. Wannan laifinmu ne, haka ma dariyar. Muka tambaye shi ko ya taɓa yi wa yarinyar bayani. Ya ce, "Malam, yarinya ce fa." Muka ce ai shi ya sa.

Da yamma ya kira ta a gabanmu. Ya daɗe yana gyara hula. Sa'an nan ya ce, "Ran nan gaskiya kika faɗa, ni ne ban kyauta ba. Ki yafe mini." Yarinyar ta rasa inda za ta sa idonta, ta ruga wurin mahaifiyarta. Mu ma muka bi ta muka ba ta haƙuri. Tun daga lokacin, kafin mu raba kaya, mukan zauna da dattawa da shugabannin zumuntar mata, a karanta sunaye da lissafin kowane gida da ƙarfi a gaban jama'a, a kuma tambayi inda marayu suke ci. Haka za mu yi a nan ma idan lokacin rabo ya zo.

Yanzu za mu rabu kashi biyu, mata a gindin mangwaro, maza a cikin majami'a. Kada kowa ya kawo ƙarar yaransa ko ta maƙwabcinsa. Kowa ya faɗi abu ɗaya da yaro ya gan shi yana yi a makon nan wanda ba zai so yaron ya kwaikwaya ba, sa'an nan ku yi wa juna addu'a biyu-biyu. Mu ma za mu shiga cikinku, mu za mu fara faɗin namu. Za a buga ƙararrawa idan abinci ya nuna.